Waldar da ba ta narkar da ƙarfe: wa zai fara sa ta a jirgin ruwa na gaske?

Idan hasken yamma ya bugi gefen jirgin ruwan yaƙi, za ka ga jikinsa ba sumul yake ba. Fallen ƙarfen ya loɓa tsakanin kowane haƙarƙari da na kusa da shi, layi bayan layi, har maƙeran jiragen ruwa na Ingila da Amurka suna yi wa abin laƙabi da ramammen doki. Sau da yawa ba karo jirgin ya yi ba, ba kuma tsufa ba ne, haka ya fito daga maƙera. Wutar walda ce ta narkar da ƙarfe a bakin haɗi, da ya zo hucewa sai ya tsuke, ya ja fallen da ke gefensa ya karkace. Kafin a kai ga fenti sai an sa gwanaye su bi fallen nan da harshen wuta da ruwan sanyi, suna miƙar da shi taki bayan taki. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, kuma ba ya ƙara wa jirgi komai, ɓarnar da aikin baya ya yi kawai yake gyarawa.

Tun 1991 aka san wata hanyar haɗa ƙarafa da ba ta narkar da su sam. Wayne Thomas da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro ta a cibiyar binciken walda ta TWI da ke kusa da Kambirij a Ingila, suka kuma shigar da takardar neman haƙƙin mallaka a watan Disamba na shekarar. Injiniyoyi na taƙaita sunanta da FSW, ni kuwa waldar gurza zan kira ta. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan, an haɗa tankunan roka da ita, an haɗa taragun jirgin ƙasa, amma gangar jikin manyan jiragen ruwa, wadda ta baƙin ƙarfe ce, har yanzu wutar nan mai ƙyalli da hayaƙi ce ke haɗa ta. Ra'ayina shi ne, ilimin ya kai inda ya kamata a fitar da shi daga ɗakin gwaji. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauki kasadar farko a bainar jama'a, kuma gwamnatocin da suka biya kuɗin binciken su ya kamata su ɗauka, a jiragensu, a wuraren da aka zaɓa da hankali.

Ga yadda aikin yake. A kwantar da falle biyu baki da baki a kan doron ƙarfe mai kauri, a ɗaure su tamau. Sai injin ya sauko da wata gajeriyar sanda mai juyawa, mu ce mata magurji. Tana da faffaɗar kafaɗa, a tsakiyar kafaɗar kuma akwai ɗan tsini wanda tsawonsa ya kusa kaurin fallen. Tsinin ya nutse cikin layin haɗin yana juyawa, har kafaɗar ta zauna a kan fuskar ƙarfen tana gurzarsa. Gurzar ce ke kawo zafi. A kan baƙin ƙarfe za ka ga zobe ja jawur ya kewaye kafaɗar, ƙarfen ya yi laushi amma bai zama ruwa ba. Daga nan magurjin ya kama tafiya a kan layi, yana kwaso tattausan ƙarfe daga gabansa yana zagayo da shi baya, kafaɗar na danne shi. Abin da ya bari a bayansa layi ne mai zanen rabin zobe jere da juna, ba tartsatsi, ba sandar walda da ake ƙonawa, ba kashin walda da za a bi da guduma ana ɓanɓarewa. Maƙerin gargajiya da ke zuga ƙarfe biyu su yi ja, ya ɗora su a uwar maƙera ya bi su da masaba har su zama ɗaya, zai gane wannan aiki tun kafin a gama yi masa bayani, don shi ma bai taɓa jiran ƙarfe ya narke ba.

Amfanin rashin narkewar yana da yawa. Ƙarfen da ya narke ya sake daskarewa yana iya riƙe kumfar iska a cikinsa, yana iya tsagewa yayin hucewa, ƙwayoyinsa kan fito manya-manya. Wanda aka murza yana da laushi kuwa ƙwayoyinsa ƙanana ne, a matse, kuma zafin da ya shiga fallen bai kai na waldar wuta ba, shi ya sa karkacewar take raguwa ƙwarai.

A kan alminiyam abin bai sha wahalar karɓuwa ba, kuma abin sha'awa, a harkar teku ya fara cin kasuwa. A 1996 kamfanin Sapa na Suwidin ya fara haɗa fallayen daskarar da kifi na jiragen kamun kifi da wannan hanya, a daidai lokacin da Marine Aluminium na garin Haugesund a Norwe ya fara fitar da fallayen daɓen jirgi. A 1999 rokar Delta II ta kamfanin Boeing ta tashi da sashen da aka haɗa da gurza. Hitachi na Japan ya mai da ita hanyar haɗa jikin taragun jirgin ƙasa, har Apple ya yi taƙama da ita a kwamfutar iMac ta 2012. Dalilin sauƙin a fili yake: alminiyam na narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, yana yin laushi tun ƙasa da haka, don haka magurjin da aka yi da ƙarfen kayan aiki na yau da kullum zai yi ta tafiya ɗaruruwan mitoci bai gaji ba.

Baƙin ƙarfe kuwa sai wajen digiri 1,500 yake narkewa, kuma kafin ya yarda a murza shi zafin kan kai digiri 1,000 ko fiye. To da me za a yi sandar da za ta zauna cikin wannan wuta tana juyawa, ana danna ta da nauyin tan da yawa, ba ta lanƙwashe ba, ba ta cinye ba, ba ta fashe ba? Duk tarihin waldar gurza a kan ƙarfe, tun gwajin farko da TWI ta wallafa a ƙarshen shekarun 1990, tarihin neman amsar wannan tambaya ne. Lu'ulu'u, wanda ya fi komai tauri, ba ya aikin, domin idan ya yi zafi a jikin ƙarfe narkewa yake yi cikinsa. Sai aka koma ga abubuwa biyu. Na farko shi ne wani sinadarin boron da naitirojin da ake kira PCBN, wanda Robert Wentorf na kamfanin General Electric ya fara haɗa asalinsa a 1957. Shi ke bin lu'ulu'u a tauri, ba ya saurin cinyewa, amma gautsi gare shi: girgiza kaɗan ko sanyaya ba zato, sai ya tsage. Na biyu gamin ƙarafa biyu ne, tangistin da riniyam, wanda ba ya fashewa da sauƙi amma yana cinyewa a hankali, yana barin ɓurɓushinsa cikin haɗin. Kamfanin MegaStir na jihar Yuta a Amurka, tare da masu bincike na Jami'ar Brigham Young, sun yi fice wajen gama biyun wuri guda don kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Daga baya Element Six, reshen De Beers mai ƙera lu'ulu'un masana'antu, ya shigo da nasa magurjin tare da TWI. Duk da haka guda ɗaya kan ci dubban daloli, kuma da gomomin mitoci ake auna rayuwarsa, alhali babban jirgi ɗaya na ɗauke da ɗaruruwan kilomita na walda.

Ci gaban da aka samu na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. Daga 2012 zuwa 2015 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna HILDA, wanda Jami'ar Strathclyde ta Gilasgo ta jagoranta, da TWI da hukumar tantance jiragen ruwa ta Lloyd's Register a cikinsa. Sun yi aiki ne a kan DH36 mai kaurin milimita 6, wato ainihin ƙarfen da ake gina jirgi da shi, wanda ake gwada juriyarsa a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Kafin su, an saba tafiya da magurji a hankali, wajen milimita 100 a minti, don tsoron kada ya karye. Su suka nuna ana iya kaiwa milimita 500 a minti a sami haɗi mai kyau. Da suka sa haɗin a injin da ke ja yana saki sau dubbai, irin wahalar da igiyar ruwa ke ba jirgi dare da rana, sai juriyarsa ta wuce abin da ƙa'idojin waldar wuta ke nema. A Japan kuma Hidetoshi Fujii da mutanensa na Jami'ar Osaka sun nuna ana iya haɗa ƙarfe mai yawan kabon a ƙasa da kimanin digiri 720, inda tsarin ƙwayoyinsa bai kai ga sauyawa ba, don haka ba ya yin taurin nan mai saurin karyewa da ke sa masu walda gudun irin wannan ƙarfe. Rundunar sojin ruwan Amurka ma ta daɗe tana biyan kuɗin gwaji a kan ƙarfenta na HSLA-65.

Sai dai ina da ƙorafi a kan masu tallar wannan fasaha, kuma gara in faɗe shi tun kafin in kai ga masu jan ƙafa. Duk wanda ya ce waldar gurza za ta kori waldar wuta daga maƙerar jirgi, ko dai bai taɓa leƙa cikin gangar jirgi ba, ko kuwa tallafin bincike yake nema. Mafi yawan waldar da ke jikin jirgi ba falle biyu ba ne a kwance baki da baki. Waldar kusurwa ce, inda haƙarƙari ya tsaya a kan falle, a lunguna, a cikin tankuna, wani lokaci mai walda na kwance rigingine wuta na zubo masa. Magurji na bukatar inji mai nauyi da ba ya rawa, da abin tokarewa a baya wanda zai ɗauki dannar, da ɗauri mai ƙarfi. Idan ya kai ƙarshen layi aka zare shi, rami yake bari, sai an yi dabarar toshewa ko a yanke wurin. A kan falle mai kaurin milimita 20 ko 30 na gindin tankar mai kuwa, waldar da ake binnewa ƙarƙashin gari ta fi shi sauri da araha nesa ba kusa ba, waya ce kawai da gari, ga su a kasuwa ko'ina. Ko a kan siraran fallayen ma yana da kishiya: maƙerar Meyer Werft da ke Papenburg a Jamus ta rungumi waldar leza haɗe da wuta tun farkon shekarun 2000, tana gudu da mitoci a minti, ita ma ba ta karkatar da falle sosai. Cika baki irin na masu talla shi ke sa manajan maƙera ya saurari jawabi, ya yi murmushi, ya koma ga abin da ya sani.

Su ma hukumomin tantance jiragen ruwa, irin su Lloyd's Register da aka kafa a 1760, da ABS ta Amurka, da DNV ta Norwe, ana yawan zarginsu da tsoron sabon abu. Ni ban ga laifinsu ba. Da wuya babban jirgi ya sami inshora ba tare da hatiminsu ba, kuma sun taɓa ganin abin da gaggawa ta haifar. A lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta bar ƙusar rivet, wadda ake ɗinke falle da falle da ita, ta koma walda don ta gina jirage da sauri, ta fitar da jiragen dakon kaya samfurin Liberty guda 2,710 tsakanin 1941 da 1945. Da yawa suka tsattsage a ruwan sanyi, wasu suka rabe biyu. Ranar 16 ga Janairun 1943 tankar Schenectady, sabuwa fil, tana ɗaure a bakin maƙera a Fotland ta jihar Oregon, ruwa a kwance ba hadari, ta karye gida biyu. Constance Tipper ta Jami'ar Kambirij ce ta nuna cewa ƙarfen da kansa ne ke zama gautsi idan sanyi ya kai wani mataki. A jirgin rivet tsaga kan tsaya a bakin falle, a jirgin walda kuwa jiki ɗaya ne, sai ta zarce ba mai tare ta. Ranar 27 ga Maris na 1980 kuma dandalin Alexander Kielland, masaukin ma'aikatan mai a kan teku, ya kife a filin mai na Ekofisk na ƙasar Norwe, mutum 123 suka mutu, da aka bi sawu sai aka tarar tsagar ta faro ne daga wata 'yar waldar kusurwa ta milimita 6 da ke riƙe da na'urar sauraron sauti.

Wanda ya gaji irin wannan tarihi dole ya tambayi sabuwar walda: ke kuma ina naki aibin yake ɓuya? Tana da shi kuwa. Idan tsinin magurji ya gaza kaiwa gindin haɗi da ɗan kaɗan, ko ya cinye ba a lura ba, fuskokin biyu kan manne ba tare da sun haɗu ba. Ido ba ya gani, hoton eksire ma sau da yawa ba ya nunawa, don babu rami, tsaga ce a rufe tana jiran igiyar ruwa ta buɗe ta. Sufeto da ya shekara ashirin yana farautar kumfa da kashin walda sai ya sake karatu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 25239 da ta fito a 2011 ta alminiyam ce kaɗai, ta ƙarfe kuwa ta daɗe tana biye a baya. Hukumar tantancewa na son ganin tarihin shekaru a teku kafin ta saki jiki, mai jirgi ba zai yi oda ba sai hukuma ta saki jiki, maƙera ba za ta sayi inji ba sai ta ga oda, mai ƙera magurji kuma ba zai rage farashi ba sai ana saye da yawa. Kowa na da gaskiyarsa, kuma kowa na jiran wani.

Inda na rabu da masu jan ƙafa shi ne wajen lissafi. Idan aka zo kwatanta hanyoyin biyu, abin da ake ɗorawa a sikeli shi ne kuɗin mita ɗaya na walda da saurin tafiya. A wannan sikeli gurza ba za ta taɓa ci ba. Amma kuɗin miƙar da falle fa, a littafin wa yake? Yana can a wani shafi, ƙarƙashin wani sashe, ana ɗaukarsa kamar ƙaddara. Jiragen fasinja da na yaƙi na zamani suna ƙara komawa ga falle mai kaurin milimita 4 zuwa 6 a benayensu na sama don rage nauyi da shan mai, kuma iya sirantar falle iya karkacewarsa. Daɓen da bai miƙe ba sai an zuba masa abin cike gurbi kafin a shimfiɗa komai a kai, wato nauyin da aka gudu ya dawo ta bayan gida. Sassan jirgi da aka gina daban-daban, idan aka zo haɗa su bakinsu bai dace ba, sai yanka da ciko. Manajan da ya tara waɗannan duka ya raba su a kan mitocin waldar da ta jawo su zai ga tazarar ta ragu ƙwarai.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga littafin maƙera ko kaɗan, domin ba ita ke biya ba. A 2017 hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sa hayaƙin walda a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa, musamman ta huhu. Ta ƙiyasta masu sana'ar walda a duniya sun kai miliyan 11, ban da wasu kimanin miliyan 110 da ke shaƙar hayaƙin a wurin aiki. A 2019 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta tsaurara doka, ta ce ko waldar ƙarfe na yau da kullum ce, ko a fili ake yin ta, sai da kariya. Manganis da ke cikin hayaƙin yana taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, hasken kuma duk wanda ya taɓa kwana da idon walda, yana ji kamar an zuba masa yashi, ba sai an ba shi labari ba. A cikin tankin jirgi, inda iska ba ta zagayawa, abin ya fi muni. Waldar gurza kusan ba ta da hayaƙi, ba ta da wannan haske, mai kula da ita na tsaye gefe yana kallon allo. Mai walda da ya kamu da ciwon huhu yana da shekara sittin, iyalinsa da asibitin gwamnati ne ke ɗaukar nauyinsa, ba mai jirgin ba. Tunda jama'a ke biyan wannan ɓoyayyen kuɗi, jama'a na da ta cewa a kan wace hanya za a fifita.

Shi ya sa nake ganin gwamnati ce ya kamata ta tsinka wannan jiran-jira. Ba ta hanyar ƙara wani shirin bincike na shekara uku ba, wanda zai ƙare da rahoto da taron rufewa da fallen gwaji a ajiye a ofis. Gwamnatoci na sayen jirage: na sintiri, na fiton fasinja tsakanin tsibirai, na binciken teku, na dakon kayan soja. A kwangilar irin waɗannan sai a rubuta cewa wani kaso na siraran fallayen benen sama da bangayen ciki, wuraren da ko sun tsage jirgi ba zai nutse ba, da gurza za a haɗa su. A yi su a rumfa, a kwance, a miƙaƙƙen layi, inda hanyar ta fi ƙarfi. A sa sufetocin hukumar tantancewa su riƙa duba su duk lokacin da jirgin ya shigo gyara. Sannan, wannan shi ne sharaɗin da na fi damuwa da shi, a wallafa sakamakon kowa ya gani, har da inda abin ya ƙi. Mujallun kimiyya cike suke da haɗin da ya yi kyau. Magurjin da ya fashe a mita ta bakwai, da haɗin da aka yanke aka sake, ba kasafai ake rubuta su ba, alhali su manajan maƙera yake son sani.

Wani zai ce ai wannan zaɓar wa kasuwa gwani ne da kuɗin haraji. To, kuɗin harajin an riga an kashe shi a kan binciken, haƙƙin mallakar asali na TWI ma ya ƙare tuni, ba wanda za a ce an yi wa gata shi kaɗai. Ga kuma maƙerun Turai da suka fi bukatar abin: Sin da Koriya ta Kudu da Japan ne ke gina sama da kashi 90 cikin ɗari na nauyin jiragen kasuwanci na duniya, abin da ya rage wa Turai shi ne jiragen yawon buɗe ido da na yaƙi da ƙananan jirage na musamman, wato daidai masu siraran fallaye.

Wurin da na fi sa rai ma ba gini ba ne, gyara ne a cikin ruwa. Yau idan gindin jirgi ya sami rauni, ko dai a kai shi busasshen gurbi a yashe ruwa, ya yi kwanaki ba ya aiki bayan ya jira layi, ko kuwa a tura mai nutso da sandar walda. Waldar wuta a cikin ruwa aikin dole ne kawai: ruwa na sanyaya haɗin da gaggawa ya yi tauri, wutar na fasa ruwan ta saki haidirojin ya shige cikin ƙarfe ya tsaga shi daga baya, mai nutson kuma na fama da duhu da igiya da lantarki. Shi ya sa galibi ake ɗaukar irin wannan gyara a matsayin na wucin gadi. Gurza ba ta da wutar da za ta fasa ruwa. Daga 2021 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin shirin RESURGAM, da TWI da Element Six a ciki, don gwada liƙa facin ƙarfe a jikin jirgi yana cikin ruwa, inji ne ke yi ba mutum ba. A nan tsadar magurji ba ta da nauyi, domin facin mitoci kaɗan ne, kuma abin da ake gudu shi ne asarar kwanakin aiki da ran mai nutso. A nan ne ma abin ya shafi Najeriya kai tsaye. Manyan jiragen haƙo da adana ɗanyen mai irin na Bonga, wanda ke tsaye kimanin kilomita 120 daga gaɓa tun 2005, da na Egina da ya fara aiki a ƙarshen 2018, an gina su ne don su shekara da shekaru a wuri ɗaya. Ba a kwance su a ja su zuwa gurbi don faci guda, kuma tsatsa ba ta jiran kowa.

Batun ko za ta raba masu walda da abincinsu kuwa, ban ɗauke shi da zafi ba. Maƙerun Koriya da Japan da Amurka kukan ƙarancin masu walda suke yi, har Koriya na ɗebo su daga Biyetnam da wasu ƙasashen Asiya. Miƙaƙƙen layin da gurza za ta karɓa tun da daɗewa inji ne ke yin sa. Lungu da kusurwa na nan na mai hannu.

Abu ɗaya da ya kamata duk gwamnatin da za ta shiga wannan ta buɗe ido a kansa shi ne inda magurjin ke fitowa. Riniyam na cikin ma'adinan da suka fi ƙaranci a doron ƙasa, abin da duniya ke fitarwa a shekara gomomin tan ne kacal, Chile ce kan gaba, kuma masu ƙera injin jirgin sama sun riga sun kama mafi yawansa. Tangistin kuwa kimanin kashi 80 cikin ɗari daga Sin yake fitowa, kuma a Fabrairun 2025 ta sa takunkumin neman izini kafin a fitar da shi. Kamfanonin da suka iya ƙera magurjin PCBN mai jure ƙarfe ba su da yawa. Maƙerar da ta gina layin aikinta kacokan a kan sandar da kamfani ɗaya ke sayarwa ta ba da wuyanta. Don haka kwangilar farko ta tanadi masu kawo magurji aƙalla biyu, ta wajabta wa kowannensu faɗin mita nawa sandarsa ke yi a kan DH36 kafin a canza ta, a kuma biya shi a kan mitocin da sufeto ya amince da su, ba a kan yawan sandunan da ya kawo ba.